Yadda muka kwashi sanin aikin Baba manaja kafin ya bar kamfaninmu na shinkafa

Ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa a Kano, ɓangaren ofis, ni ne mai kula da takardu da albashi da duk wani aike na hukuma. Kamfanin ba wani babba ba ne, ma'aikatan dindindin ba mu kai 40 ba, sai leburori masu lodi da saukewa. Yana cikin irin waɗanda suka samu ƙarfi bayan an rufe boda a watan Agustan 2019, lokacin da 'yar waje ta yi wuya kowa ya dawo kan 'yar gida. Abin da ya sa na zauna nake rubuta wannan shi ne na san akwai masu kamfani da manyan shaguna da yawa da duk harkarsu a kan mutum ɗaya take, kuma ba za su farga ba sai ranar da mutumin ya ce zai tafi. Mu haka ta same mu, mun sha wahalar da ba sai kowa ya sha ba, shi ya sa zan faɗi yadda muka bi daki-daki.

Baba manaja tun ranar da aka dasa injin farko yake wurin, kafin nan ma ya daɗe a harkar gumi, wato jiƙa shinkafa da turara ta kafin a casa. Shi ke karɓar shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba, shi ke cewa a jiƙa, shi ke cewa a sauke, shi dillalai suka sani, shi kwastomomi suke kira. Wata rana farkon kaka bayan la'asar ya shiga wurin Alhaji mai kamfanin ya ce ƙafa ta matsa masa ga hawan jini, 'ya'yansa sun ce ya dawo gida ya huta, ya ba da wata uku. Da yamma Alhaji ya kira ni ya ce in zauna da Baba in rubuta duk abin da ya sani, a ba yaron da zai gaje shi. Na ce to ranka ya daɗe. Wallahi a raina na ɗauka aikin sati ɗaya ne.

Abu na farko da na yi shi ne na buga fom shafi 4 a kwamfuta, tambayoyi jere, ayyukanka na kullum, na sati, na wata, matsalolin da kake haɗuwa da su. Na ba Baba, na ba mai sito, na ba mai kula da tukunyar tururi, na ba makaniki. Sati biyu fom ɗin Baba yana aljihun rigarsa, da ya dawo min da shi layi ɗaya ya rubuta: duba shanshera, kula da gumi, kula da inji, kula da yara. Raina ya ɗan sosu, na ɗauka rowa yake min. Sai daga baya na gane ba ɓoyewa yake ba, abin da mutum ya shekara talatin yana yi da hannu ba ya ganinsa a matsayin wani ilimi da za a rubuta, shi a wurinsa aiki ne kawai. Sauran kuma matsalarsu daban. Mai sito ya ja ni gefe ya ce, Malam tsakani da Allah in na rubuta maka komai ai gobe ɗan wani za a kawo a ce in tafi. Ashe magana ta zagaya cewa rage ma'aikata za a yi. Kuma ban ga laifinsu ba, talaka abin da ya iya shi ne jarinsa, ba za ka zo da takarda ka ce ya juye maka shi haka nan ba.

Na koma wurin Alhaji na gaya masa gaskiya, na ce wannan aikin ba zai yiwu daga bakina ba sai daga naka. Ranar Asabar ya tara kowa a gindin rumfar sikeli, ya yi musu bayani da bakinsa cewa ba wanda za a kora, ya ce duk wanda ya koyar da wani aikinsa har ya iya za a ƙara masa wani abu a albashi, sannan a gaban kowa ya faɗi sallamar da za a yi wa Baba da ɗan alawus da za a riƙa tura masa duk wata don a riƙa kiransa ana neman shawara. Daga ranar fuskokin mutane suka canza. In da zan sake wannan aikin, da wannan taron zan fara kafin in buga ko harafi ɗaya.

Na ajiye fom, na sayi babban littafi, na riƙa bin Baba ƙafa da ƙafa ni da yaron da zai gaje shi. Muka fara daga bakin get inda motocin shanshera ke tsayawa, daga Kura da Bunkure da Garun Malam, wasu daga Haɗeja da Auyo, wani lokacin har daga Kebbi. Baba zai soki buhu da ƙarfe, ba na sama ba, sai ya sa an sauke an zaro na tsakiyar mota da na ƙasa. Ya zuba a tafin hannu ya murza, ya shinshina, ya ɗauki ƙwaya biyu uku ya ɓare ya sa a haƙori ya ciza. In ta yi ƙas ya ce ta yi, in ta lotsa ya ce da saura. Na ce Baba to yaya zan rubuta ƙas? Ya yi dariya ya ce ɗan nan ai ba a rubutawa, cizawa ake. Nan na tuna akwai na'urar auna danshi da aka saya tun ana kafa kamfanin, tana cikin durowa batir ya mutu, ba mai taɓa ta tunda ga Baba. Muka sa mata batir. Muka yi tsari, duk motar da ta zo Baba ya ciza ya faɗi hukuncinsa, yaron ya ciza shi ma ya faɗi nasa, ni kuma in auna in rubuta duka ukun a layi ɗaya. Sati uku muna haka. Abin da Baba yake cewa ta yi kusan kullum tsakanin 13 da 14 cikin ɗari yake faɗawa, wanda shi ne danshin da ake so shanshera ta kasance don ajiya da casa, in ya ce da saura sai ka ga ta haura 16. Haƙorinsa da na'ura bakinsu ɗaya. Yaron kuma a satin farko rabi da rabi yake dacewa, zuwa na uku da wuya ya kuskure.

Akwai abin da na'ura ba ta gani kuma. Yadda yake ɗibar mudu ya zuba a bokitin ruwa ya ga yawan ƙaiƙayin da zai taso, yadda yake gane an gauraya irin shinkafar da ake kira sipi da wata iri don tsawon ƙwaya bai zo ɗaya ba, warin da ke nuna an tara ta da laima ta fara zafi a buhu. Da lissafin da yake yi a ka, cewa buhun kilo 100 na shanshera mai kyau ya kamata ya ba da wajen kashi biyu cikin uku na shinkafa, kusan kashi ɗaya cikin biyar buntu ne, in tsakuwa da ƙasa sun yi yawa ga yadda ake rage kuɗi. Sai maganar dillalai, wane ne in ya ce buhu ɗari to ɗari ne, wane ne yake ɗora mai kyau a sama, wane ne za ka iya ba kuɗi tun kafin kaya su zo. Wannan shafin ban sa shi inda kowa zai gani ba, mutuncin mutane ne, daga Alhaji sai sabon manaja.

Gumi shi ya fi cin lokaci don yawanci da daddare ake yinsa. Na kwana a kamfani ya fi sau goma. A takarda abin ba wuya, a jiƙa shanshera a ruwan zafi wajen digiri 60 zuwa 70 na wasu awanni, a tsiyaye, a ba ta tururi, a busar. Amma ruwa in ya wuce zafi ƙwaya ta fashe ta dahu, in ya huce aka bar ta ta daɗe sai ta yi tsami ta yi wari, tururi in ya yi yawa shinkafa ta yi duhu 'yan kasuwa su ce ba sa so, in bai isa ba sai ka ga fari a tsakiyar ƙwaya ta riƙa karyewa a inji. Baba ba ya duba agogo sosai, yana duban bakin ɓawon ne, in ya fara tsagewa ya ce a rufe. A nan rubutu ya gaza min, sai na koma ɗaukar bidiyo da waya, gajeru minti biyu uku, yana yi yana bayani da Hausa, ina matso da kyamara kan hannunsa. Na lura in na ce Baba yaya ake yin kaza sai ya ba ni amsa guntuwa, amma in na ce Baba ranar da gumi ya taɓa lalace maka me ya faru, sai ya gyara zama ya ba da labari na rabin awa, kuma duk abin da nake nema yana cikin labarin. Daga nan duk tambayoyina suka koma haka, na makaniki ma haka, yaushe robar injin ɓare ta taɓa cinyewa ba ka lura ba, wane ƙara ka ji kafin bel ya tsinke, a wurin wa ake samun sifiya ta gaske.

Da muka zo liƙa ƙa'idojin aiki a bango sai wata ta taso, mai tukunyar tururi da yara biyu a wurin busarwa ba sa karanta boko amma suna karanta ajami sarai. Na sami limamin masallacin kamfani ya juya mana su, kowace takarda boko a sama ajami a ƙasa, aka yi laminatin saboda tururi da ƙura. Ba Turanci ko ɗaya. Na Turancin yana cikin fayil a ofis don jami'an hukuma.

Wata na biyu na shiga abin da ya fi tayar min da hankali, wato waya da imel. Layin da ke jikin buhunanmu, wanda duk kwastoma ya sani, da sunan Baba aka yi masa rajista, da NIN ɗinsa aka haɗa. Muka shirya zuwa ofishin kamfanin layin ni da shi, da takardar rajistar kamfani ta CAC da lambar haraji da wasiƙa a kan takardar kamfani da katin shaidar wanda zai wakilta. Muka isa wajen ƙarfe tara muka karɓi lamba, sai kusan azahar aka kira mu, aka duba aka ce wasiƙarmu ba ta cika ba saura sa hannun darakta na biyu, shi kuma yana Abuja. Laifinmu ne, ban tambaya ba kafin mu taso. Na ji nauyin Baba ƙwarai, dattijo da ciwon ƙafa ya wuni a kan kujerar roba a banza. Sai bayan kwana biyar muka koma aka gama. Dan Allah duk wanda zai je irin wannan ya fara zuwa shi kaɗai ya tambayi abin da ake buƙata, ya haɗa komai, sannan ya ɗauko dattijo.

Imel kuma ɗan Baba ne ya buɗe shi shekarun baya da lambarsa, kuma da shi aka yi mana rajista a shafin NAFDAC na NAPAMS. Ba wanda ya san kalmar sirrin a kamfani gaba ɗaya. Allah ya taimaka yaron yana riƙe da layin har yanzu, muka kira shi yana makaranta ya karanto mana lambar da aka turo, muka shiga muka canza komai zuwa layin kamfani. Da na shiga ne na ga satifiket ɗinmu, wanda shekara 5 yake yi, saura wata bakwai ya ƙare, kuma ba inda aka rubuta wannan, Baba ne kawai yake riƙe da shi a ka. Gabana ya faɗi. Masu duba masana'anta in sun zo suna neman rubutattun ƙa'idojin aiki na sarrafawa da tsafta da yadda za a janye kaya daga kasuwa in an sami matsala, da takardar gwajin lafiyar masu taɓa abinci, da shaidar feshin ƙwari. Kenan rubutun da nake ta yi ya zo a kan gaɓa. Ranar na zauna na yi kalanda guda ta duk abin da ke da wa'adi: harajin albashin ma'aikata kafin 10 ga wata mai bi, kuɗin fansho kashi 8 na ma'aikaci da kashi 10 na kamfani cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, bayanin shekara na CAC, inshorar motoci, sabis ɗin janareta, gwada sikeli. Na liƙa ɗaya a ofishina ɗaya a na Alhaji.

Banki ya ɗauki kusan sati uku. Baba yana cikin masu sa hannu a asusun sayen shanshera, cire shi da sa sabon manaja sai da takardar matsayar daraktoci, lauyan kamfani ya rubuta aka biya shi, sai hotuna da BVN da katin shaida da sabon fom na sa hannu. Ba wahala ba ce, jira ne kawai, amma da mun bari sai Baba ya koma ƙauye da kuɗin shanshera ya tsaya ana tsakiyar kaka.

Sai bashi. Akwai na littafin akanta, akwai na ƙaramin littafin da ke aljihun Baba, akwai kuma wanda ba a rubuta ko'ina ba, amana ce tsakaninsa da mutum. Nan ba abin da takarda za ta yi, sai muka ɗauki kwana huɗu muna zagaya kasuwar Singa da Dawanau mu uku. Kowane shago Baba zai zauna a gaisa sosai, a tambayi iyali, sannan ya dafa kafaɗar yaron ya ce ga ɗanku nan, daga yau shi ne ni, abin da ke tsakaninmu kaza ne ko ba haka ba Alhaji? Mutum ya ce haka ne, ni kuma in rubuta ya sa hannu. Wani ya ɗan yi gardama a kan buhu 20, Baba bai ɗaga murya ba, ya ce ka tuna ranar ɗaurin auren 'yarka da ka aiko yaro da mota da sassafe? Mutumin ya yi shiru ya ce wallahi haka ne Baba, na shafa'a. Na tsaya ina tunanin da bayan tafiyarsa muka zo, da wa zai tuna masa.

Wurin ajiya ma sai da muka yi gyara. Da farko a gurup ɗin WhatsApp na ma'aikata nake zuba bidiyoyin, kwana biyu sun nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da sanarwar biki, wani ya canza waya komai ya tafi. Na buɗe Google Drive da imel ɗin kamfani, gigabait 15 na kyauta bidiyo ya cinye shi kafin wata ya ƙare, muka biya aka ƙara. Na raba shi gida-gida yadda kamfanin yake a ƙasa, get, gumi, busarwa, inji, sito, ofis, don wanda ke nema da wurin aikinsa zai nema. Kowace takarda akwai kwafinta a kabad, kalmomin sirri kuma a ambulan a sef ɗin Alhaji, mutum biyu suka san su. Kuɗin da na kashe a littattafai da fotokwafi da laminatin da data da kuɗin mota bai wuce naira 60,000 ba, ban da lauya. Lokaci ne abin da ya ci, da haƙuri.

Watan ƙarshe muka ce Baba ya zauna a kujera kawai, yaron ya yi komai, ba zai sa baki ba sai an tambaye shi ko ya ga asara babba na tahowa. Wannan watan shi ya fi kowane amfani. Sati na biyu sanyi ya sauko da iskar hunturu, yaron ya bi takarda layi-layi, ya busar danshi ya kai 14 cikin ɗari, aka kai inji, shinkafa ta riƙa fitowa a karye. Ya rikice, ni ma na rikice don ni na rubuta. Baba ya taso ya damƙi shansherar ya ce kun bar ta ta huta? Ashe shi ba ya busarwa a tashi ɗaya, yana tsayawa a tsakiya ya tara ta wasu awanni danshin ciki ya fito ya daidaita da na waje sannan ya ƙarasa, balle da hunturu da iska ke zuƙe bayan ƙwaya da sauri ta tsage. Na kwana goma a wurin ban taɓa lura ba, na ɗauka shayi yake tsayawa sha, shi kuma bai faɗa ba don bai ɗauka akwai wanda bai san haka ba. Tanki ɗaya muka yi asara, aka sayar a farashin karyayya. Da bayan ya tafi ne, Allah kaɗai ya san nawa za mu zubar kafin mu gano.

Wata uku ya yi kaɗan, wannan zan faɗa wa duk mai kamfani. Aikin da ke juyawa da damina da rani sai an ga shekara guda cif ana bin mutum, kuma bai kamata a jira sai ya ce zai tafi ba, mu an ba mu wata uku, wani ciwo ne zai kwantar da shi dare ɗaya. Yanzu a wurinmu kowane aiki mutum biyu ne suka iya shi, mai sito da makaniki duk suna da na biyunsu, ba layi ko imel na kamfani da ke kan sunan mutum, kuma duk ranar da wani abu ya lalace ana zama minti goma a rubuta me ya faru da yadda aka gyara, ba don a kama mai laifi ba, in aka mayar da shi na kama laifi gobe ba wanda zai faɗi gaskiya.

Da shansherar rani ta fara shigowa wajen watan Mayu muka ga littafinmu ba shi da ko layi ɗaya a kanta, duk abin da muka rubuta na kaka ne, ga zafin gari ruwan jiƙo ba ya hucewa kamar da. Sabon manaja ya kira Baba a waya, Baba ya ce ba ya iya faɗa sai ya gani. Ranar Lahadi muka ɗaura mudu uku a leda daban-daban, muka saya masa goro da sukari, muka kama hanya. Muka same shi a zaure a kan tabarma ƙafar ta ɗan yi sauƙi. Ya kwance ledojin ya murza ya ciza, ya ce wa yaron ciza ka faɗa min tukuna. Yaron ya faɗa, Baba ya gyaɗa kai, sannan ya ce min ɗan nan buɗe littafin naka, rage lokacin jiƙo za ku yi, ya fara bayani ina rubutawa har aka kira la'asar. Shafi huɗu muka ƙara ranar.